Satar Rigunan Dalma a Asibitin Dabbobi

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an fasa asibitin dabbobi na bayan tasha. Saje ne ya ɗauka, ya ajiye, ya leƙa ofishin Sufeto.

"Yallaɓai, ɓarayi sun shiga asibitin dabbobi."

"Magani suka kwasa?"

"A'a, riguna."

Sufeto ya ɗago kai. "Yanzu har karnuka ma an fara ɗinka musu kaya?"

"Haka dai matar ta ce, yallaɓai. Riguna uku."

Suna shiga asibitin wari ya tarye su: fitsarin kyanwa, jiƙaƙƙen gashin kare, da maganin wanke daɓe da ya kasa danne su. Sufeto ya zaro hankici ya toshe hanci. Wata dattijuwa mai farin gilashi ta fito ta gaishe su. Ita ce Babbar Likita, mai asibitin. A bayanta akwai wani matashi fes da shi, farar rigarsa ko ɗigon datti babu. Shi ne Ƙaramin Likita, ɗan yayanta, wanda ke yi wa dabbobi tiyata.

Ta kai su wani ɗaki mai ƙofa mai kauri, an ɓalle kwaɗonta. A tsakiya akwai teburin ƙarfe, a samansa na'urar ɗaukar hoton ƙashi tana rataye. A jikin bango akwai manyan maratayan riguna uku, ba komai a kansu. Kwamfuta na nan a kusurwa, ba wanda ya taɓa ta.

"Wace irin riga ce ɓarawo zai tsallake kwamfuta ya ɗauka?" in ji Sufeto.

"Rigar dalma ce," in ji Babbar Likita. "Bari in yi maka bayani, don ka san abin da muka rasa. Na'urar nan haske take fitarwa, irin wanda ido ba ya gani. Yana ratsa nama, shi ya sa muke ganin ƙashi. Sau ɗaya ba ya komai. Amma wanda yake shan shi kullum, yana taruwa a jikinsa, yana iya jawo masa ciwon daji, yana iya taɓa abin da ke cikin mai juna biyu. Dalma ce ke tare shi."

"To, ku fita daga ɗakin mana kafin a kunna."

"Mutum in ka ce masa kada ya motsa, ya ji. Akuya fa? Wani lokacin mukan yi wa dabba allurar barci, amma ba kowace ke iya ɗauka ba. Dole wani ya tsaya ya riƙe. Shi ke sa rigar, da safar hannu, da abin wuya."

Sufeto ya dubi kantar ajiye kaya da ke gefe. Safofin hannu na nan a jere, abin wuya ma na nan.

"Waɗannan ba dalma ba ce a cikinsu?"

"Ita ce."

"Ɓarawon dalma ya bar dalma ke nan," Sufeto ya ce, kamar da kansa yake magana.

Ƙaramin Likita ya yi gyaran murya. "Wataƙila sauri yake yi, yallaɓai. 'Yan gwangwan ne, ba sa wuce komai."

An fara da maigadi, wani tsoho mai jan ido.

"Baba, me ka gani?"

"Wani dogo ne, ranka ya daɗe, baƙi wuluk, da buhu a kafaɗa. Kafin in ɗauko sanda ya haure katanga kamar biri."

"Wace katangar?"

Tsohon ya nuna. Katangar ta fi mutum tsawo, an jera mata fasassun kwalabe a kai.

Sufeto ya juya ga Babbar Likita. "Riga ɗaya tana da nauyi?"

"Kamar ka goya yaro mai tafiya."

"To, Baba, mutum ya goya yara uku, ya haure kwalabe, ko ɗigon jini bai bari ba. Wannan ba ɓarawo ba ne, aljani ne. Barci ka yi ko?"

Maigadi ya sunkuyar da kai. "Gyangyaɗi ne, ranka ya daɗe. Ban ga kowa ba. Tsoron kora ya sa na ƙirƙiro dogon."

"Allah ya sa dai ba ka nuna mana wani dogo a unguwa mun kama ba," in ji Saje.

Na biyu shi ne Mai Hoto, wanda ke sarrafa na'urar. Tun kafin a tambaye shi gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Wa ke da makullin ɗakin?"

"Ni da likitocin biyu."

"Jiya an yi wani abu da ba a saba ba?"

"Ko kaɗan. Aiki muka yi, muka rufe, muka tafi."

"Rigunan lafiyarsu lau?"

"Lau, yallaɓai. Ni ke duba su."

Sufeto ya sallame shi, ya ce a kira mai riƙon dabbobin.

Mace ce kakkaura mai faɗin kafaɗa, hannayenta duk tabon farce da cizo. Anti Tarko suke ce mata, don abin da ta riƙe ba ya ƙwacewa. Da ta zauna sai ta dafa ƙugu, Sufeto ya lura cikinta ya fara turo riga. Ya jawo mata kujerar da ta fi laushi.

"Anti, an ce jiya ba abin da ya faru."

"Wa ya ce? Mai Hoto? Allah ya shirye shi." Ta gyara zama. "Jiya da yamma muka ɗauki wani kare da mota ta buge. Yana ta fizge-fizge, na danne shi da ƙirji, sai gefen rigata ya kwanta a kan ƙafarsa. Na ce shi ke nan, hoto ya ɓaci, sai an sake."

"Me ya sa zai ɓaci?"

"Duk inda dalma ta shiga hoto, fari fat yake fitowa, ba ka ganin komai. To da hoton ya fito, yallaɓai, ga ƙashin karen nan raɗau a ƙarƙashin rigata. Kamar ban sa komai ba."

"Kin faɗa wa wani?"

"Na yi ta faɗa a baranda, kowa ya ji. Na ce gobe da safe sai na nuna wa Babbar Likita, don jiya ba ta nan. Na zo da safe, aka ce an sace riguna. Na je kwamfuta, hoton ma babu."

Ta ɗora hannu a cikinta.

"Ni ba riguna ne damuwata ba. So nake a gaya mini tun yaushe nake tsayawa tsirara a gaban na'urar nan, da wannan a jikina."

Aka dawo da Mai Hoto. Wannan karon Sufeto bai ba shi kujera ba.

"Ina hoton karen?"

"Yallaɓai…"

"Kai ka goge?"

"Ni ne. Ƙa'ida ita ce lokaci-lokaci in shimfiɗa kowace riga a tebur in ɗauke ta hoto, a ga ko dalmar ta tsage. Na daɗe ban yi ba. Da na ga hoton jiya, na san ni za a fara tambaya. Amma wallahi ban ɗauki riga ba."

"Kana da makulli, ka yi ƙarya, ka goge shaida. In kai ne ni, wa za ka kama?"

Saje ya zaunar da Mai Hoto a benci, ya ce kada ya motsa.

Sufeto mutum ne da ba ya son gaggawa. Ya fita bayan asibitin yana tafiya a hankali, yana duban ƙasa. A ƙarshen filin, bayan kejin karnuka, akwai wani faffaɗan murfin siminti, ƙudaje sun yi masa baƙi. A gefensa an zubar da farar ƙasa, sabuwa, ko ƙafar kaza ba ta taka ba.

"Wannan fa?"

"Ramin mushe ne," in ji Babbar Likita. "Dabbar da ta mutu muke jefawa, mu zuba farar ƙasa a kai don wari."

"Wace dabba ta mutu jiya?"

Ta yi tunani. "Babu. Satin nan kaf ba mu yi asara ba."

Sufeto ya dubi Saje. Saje ya dubi sama.

"Yallaɓai, ina da iyali."

"Ni ma. Kawo ƙugiya."

Da aka ture murfin, abin da ya taso ba ya faɗuwa. Saje ya koma gefe ya amayar da karin kumallonsa. Maigadi ya ɗaure hanci da rawani, ya zura doguwar ƙugiyar da ake jan mushe da ita. Ya fara jawo ƙafar tunkiya da ta rabu da jikinta, tsutsa na zuba. A karo na gaba ƙugiyar ta kama wani abu shuɗi. Ɗaya bayan ɗaya aka fito da su, riguna uku, kowace an naɗe ta kamar tabarma, an ɗaure da bandeji.

Babbar Likita ta tsaya tana kallo.

"An naɗe su," ta ce a hankali.

"Sai me?"

"Rigar dalma ba a ninke ta. In ka ninke, dalmar na karyewa a kan layin. Ko dai a rataye, ko a naɗe. Abu na farko ke nan da muke koya wa duk wanda ya fara aiki a nan, har ya zame masa jiki. Ɓarawon waje cusa su zai yi a buhu."

"Wato ko da zai jefa su cikin mushe, hannunsa bai yarda ya ninke ba," in ji Sufeto. "Na gida ne."

Aka watsa musu ruwa da tiyo, aka shimfiɗa ɗaya a kan siminti. Sufeto ya karɓi almakashi ya farke gefenta. Abin da ya fito baƙar roba ce mai zanen gida-gida, irin wadda ake shimfiɗawa a ƙasan mota. An yanka ta daidai da siffar rigar, an jera biyu don ta yi nauyi. Haka ta biyu. Haka ta uku.

Anti Tarko na tsaye daga nesa. Da ta ga robar, sai ta nemi bakin baranda ta zauna.

Sufeto ya ɗaga gefen rigar yana duban ɗinkin. Uwarsa tela ce, ya tashi yana ganin ɗinki iri-iri, amma bai taɓa ganin wannan ba. Zaren shuɗi ne mai santsi kamar na kamun kifi. Ba a ja shi a jere ba. Kowane ɗinki shi kaɗai yake, da ƙullinsa a gefe, an datse bakin zaren daidai wa daida.

"Likita, wane tela ne ke ɗinki haka?"

Ta karɓa, ta gyara gilashi. Ta daɗe tana kallo.

"Ba tela ba ne," ta ce. "Zaren tiyata ne. Haka muke rufe fata, ɗaya-ɗaya, don in ɗaya ya kwance sauran su riƙe."

"Mai Hoto ya iya?"

"Ko maɓalli bai iya sa wa riga ba."

"Su wa ke ɗinki a asibitin nan?"

"Da ni ce. Hannuna ya daina tsayawa, na bari." Ta cire gilashin. "Ni na koya masa wannan ƙullin, a kan fatar kujera, tun yana ɗalibi."

Ofishin Ƙaramin Likita yana manne da ɗakin hoto, bango ɗaya ya raba su. Ɗaki ne mai tsabta, har da turare. Yana zaune yana rubutu, da suka shiga ya miƙe da murmushi.

"An dace, yallaɓai?"

"An dace. Zaren tiyata a hannun wa yake?"

"A kabad yake. Kowa na iya ɗauka."

"Kowa na iya ƙulla shi?"

"Mai Hoto yana tsayawa a kaina in ina aiki. Mutum da ido yake koyo."

Sufeto bai yi musu ba. Yana ta duban ɗakin. Bango uku fenti ne kawai. Na huɗun, wanda ke bayan kujerar likitan, an rufe shi da sabon katako daga ƙasa zuwa tsawon mutum. Ƙusoshin sun yi yawa, kuma katakon ya ɗan turo ciki daga ƙasa kamar yana ɗauke da kaya.

"Katakon nan na mene ne?"

"Danshi ne ke damun bangon."

"Danshi ya bar bangon waje, inda ruwa ke duka, ya zo ya kama na tsakiyar gini?" Sufeto ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta fito a dushe, kamar an bugi buhun yashi. "Saje, samo mana ƙarfe."

"Yallaɓai, wannan ofishina ne, ba ku da…"

"Gininka ne?" in ji Babbar Likita daga bakin ƙofa. "Ku ɓalle."

Saje ya zura ƙarfen ya danna. Katakon ya yi ƙara ya saki. A bayansa ga shimfiɗun dalma masu ruwan toka an kafe su da ƙusa, an jera su gefe da gefe. Ba a ko gyara musu siffa ba. Ga wuyan riga, ga hammata, ga inda ke rufe ciki. Riguna uku, an gicciye su a bango, daidai inda bayan likitan ke jingina.

Ƙaramin Likita ya koma kujera ya zauna.

"Gwaggo…"

"Kada ka kira ni. Yi wa Sufeto magana."

Ya rufe fuska da hannu. "Tun da na yi aure ba mu samu haihuwa ba. An gwada ni, aka ce matsalar daga wajena take. Na karanta cewa hasken nan yana kashe ƙwayar haihuwa. Ni kuma wuni nake a nan, na'urar na bayana tana aiki. Kowace ƙara ta yi sai in ji kamar a jikina. Na roƙi Gwaggo a sa dalma a bangon, ta ƙi."

"Na ƙi ne don masu awo sun zo sun auna," in ji ta. "Bangon nan bulo biyu ne cike da kankare. Ba abin da ke ratsa shi. A gabanka suka faɗa."

"Ban yarda da su ba."

"Shi ne ka yarda ka tuɓe mutane," in ji Sufeto. "Yaushe?"

"An yi watanni. Ɗaya-ɗaya na riƙa kai su gida a ƙarshen mako, in dawo da su kafin a buɗe. Na yi niyyar in sayo sababbi in mayar, wallahi na yi niyya. Jiya da na ji Anti tana faɗa, na san in aka ɗora su a tebur an gama. Na dawo bayan an tashi, na ɓalle kwaɗon don a ce ɓarayi ne."

"Kuma ka zauna kana kallo muna shirin tafiya da Mai Hoto."

Sufeto ya matso kusa da shi.

"Kai kana shiga ɗakin in ana ɗauka?"

"A'a."

"Tun da ka cire dalmar ka taɓa shiga?"

"A'a."

Anti Tarko ce ta yi magana daga bayan Babbar Likita. Ba wanda ya ji zuwanta. Muryarta ba ta tashi ba.

"Yallaɓai, tambaye shi abin da ya ce mini ranar da na gaya masa ina da ciki."

Babbar Likita ta juya da sauri. "Kin gaya masa? Ni na ɗauka ƙiba ce, sai kwanan nan na fara zargi. Mai ciki ba ta riƙo a asibitina, ya sani!"

"Shi ke raba aiki, shi na samu. A nan, a kan kujerar nan. Na ce a canza mini wuri har in sauka. Faɗa musu, Dokta."

Ya kawar da kai.

"To ni bari in faɗa. Ya ce ba wanda ya iya riƙo kamata, aiki zai tsaya. Ya ce, 'Anti, kada ki damu, rigar nan ko harsashi ba ya ratsa ta.' Har da dariyarsa. Shi ya ɗaura mini igiyar baya ranar, da hannunsa."

Sufeto ya daɗe a aiki, ya kama masu yankan aljihu da masu fasa shago, har da wanda ya sari ɗan'uwansa a kan gona. Yawancinsu ba su san iyakar ɓarnar da suke yi ba. Wannan kuwa ya sani sarai. Saninsa ne ma ya sa shi yi.

"Kana neman ɗa," ya ce, "shi ne ka sa na wata a gaba ya tare maka."

Ya juya ga Babbar Likita. "Me zai samu abin da ke cikinta?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba. Mai riƙo ba ya cikin tsakiyar hasken, abin da ya fantsama ne ke samunsa, kuma sau da yawa ba ya kai ga illa. Amma kullum ne, wata da watanni. Yanzu zan kai ta asibiti da kaina, a duba ta, a lissafa abin da ta sha. Sauran sai jira." Ta dubi Anti, idonta ya cika. "Ni ma da laifina, 'yata. Ina gidan nan aka yi wannan."

Sufeto ya gyaɗa wa Saje kai. "Ƙarar ƙarya, ɓarnar kayan aiki, da jefa rayuka cikin haɗari da gangan. Sauran alƙali ya ƙara. Shi kuma Mai Hoto ya biyo mu ya ba da bayani, daga nan ya san abin da zai gaya wa mai asibiti."

Saje ya fito da ankwa. Ƙaramin Likita ya miƙa hannuwan nan masu laushi, ya dubi dattijuwar.

"Gwaggo, ki yi wa Baba bayani. Ki ce masa…"

"Da bakinka za ka gaya wa yayana. Ni kunya ba za ta bar ni ba."

Aka fito da shi baranda. Masu jiran layi suka ja dabbobinsu gefe, wata mata ta rungume kyanwarta. Da suka zo daidai Anti Tarko, sai ya tsaya, ya durƙusa da ankwar a hannu.

"Anti, don girman Allah ki yafe mini."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi wa abin da za a jefa a rami.

"Tashi, Dokta, kada ka ɓata wandonka," ta ce. "Ba ni kaɗai ka yi wa ba. Bari in haihu tukuna. In na ƙirga yatsunsa na ga ya buɗe ido, sai ka zo ka tambaye shi."

Saje ya ɗaga shi ta hammata, ya tura shi bayan mota, ya rufe ƙofa.